Katako ko Faiba: Wane Jirgi Masunci Zai Saya?

A ranar 26 ga Mayun 2021, wani jirgin katako da ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zuwa Wara a jihar Kebbi ya dare a tsakiyar ruwa ɗauke da mutum fiye da 150, kuma waɗanda aka tsamo da rai ba su wuce 20 da 'yan kai ba. A ƙarshen Nuwamban shekarar, wani ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a jihar Kano, ya tafi da rayuka aƙalla 29, galibinsu 'yan makarantar Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. A Yunin 2023 kuma 'yan biki sama da 100 suka halaka a yankin Patigi na jihar Kwara. Allah ya jiƙansu da rahama. Bayan kowace irin wannan musiba, magana ɗaya ce ke fara fitowa daga bakin hukuma: jirgin katako ya tsufa, lokacinsa ya wuce. Ministan harkokin teku, Adegboyega Oyetola, ya sha kira ga jihohi su hana jigilar fasinja da jiragen katako, a koma na faiba da na alminiyom.

Kiran nasa a kan jiragen fito ne, masu ɗaukar 'yan kasuwa da babura da buhunan hatsi. Amma magana idan ta taso daga Abuja, kafin ta isa bakin ruwa ta canza kama. Abin da masunci ke ji a Yawuri da Malale da Nguru da Doron Baga shi ne katako kayan jiya ne, wanda ya waye faiba yake saye. Ga mutumin da ya shekara yana zubin adashi don ya mallaki jirginsa na kansa, ya daina shiga na wani ana raba masa kamu, wannan zance ne na abin da zai ciyar da iyalinsa na shekaru masu zuwa. Ya cancanci a auna masa hujjojin ɓangarorin biyu tsakani da Allah.

Kafin a yi gardama a kan jirgi, sai an dubi ruwan da zai shiga. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala dam a 1968, ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,270, sai dai ba tsayayyen ruwa ba ne. Farin ruwa na zuwa da damina, baƙin ruwa ya biyo baya cikin hunturu daga can tsaunukan Gini, sannan tafkin ya ja baya da bazara ya bar fadamu da tsibirai. A waɗannan gefuna masunci ke kafa gura, ya shimfiɗa kalli, ya jefa birgi. Ƙarƙashin ruwan kuwa akwai kututturan itatuwan da tafkin ya shanye tun lokacin da aka tashi ƙauyuka, suna nan tsaye har gobe. A dausayin Haɗeja da Nguru, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa tun bayan da dam ɗin Tiga da na Challawa suka sauya yadda kogi ke gudu. Tafkin Chadi, da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 kafin ya tsuke, zurfinsa 'yan mitoci ne kawai a mafi yawan wurare, wani gun ma iya gwiwa. Jirgin da zai yi aiki a irin wannan ruwa dole gindinsa ya zama shimfiɗaɗɗe, ya jure gogar yashi da karo da kututture, a iya tura shi da gora inda filafili ba ya aiki, kuma mutum biyu su iya jan sa zuwa tudu.

Masu goyon bayan faiba suna da hujja mai ƙarfi, kuma duk wanda ya taɓa riƙe jirgin katako ya san ba ƙarya suke yi ba. Jirgin katako ba ya barin mai shi ya huta. Alluna ne aka jera aka haɗa da ƙusa, aka cusa tsumma ko auduga a tsakaninsu, aka shafe da kwalta. Idan ya daɗe a tudu rana ta busar da shi, allunan su tsuke, bakin haɗin ya buɗe. Idan ya daɗe cikin ruwa, gindin ya fara ruɓewa. Ƙusa ta yi tsatsa ta ci katakon da ke kewaye da ita, gara kuma na jiran ranar da za a manta shi a kan ƙasa. Shi ya sa da wuya ka ga kwalekwale ba tare da ƙwarya ko yankakkiyar jarka a ciki ba, kuma yaron jirgi aikinsa na farko kowace safiya shi ne kwarfe ruwan da ya kwana. Kowace shekara akwai kuɗin kwalta, kuɗin ƙusa, kuɗin kafinta, ga kwanakin da jirgin ke kife a bakin ruwa alhali kifi na wucewa. Faiba, wato zaren gilashi da aka jiƙa da wani irin danƙo aka zuba a mazubi har ya daskare, ba shi da bakin haɗi balle ya yi yoyo. Ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa, ba ya shan ruwa ya ƙara nauyi. A wanke shi da ruwa da sabulu, ƙarnin kifin jiya ya fita, abin da katako ba ya yi domin yana tsotsewa.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko nauyi a wurina, wato katakon kansa. Jirgin kirki da maɗaci ake yin sa, ko kawo, itatuwan da ke jure ruwa. Waɗannan su ne suka yi ƙaranci. Dazuzzukan da ake samo su an sare, wasu kuma sun zama maɓoyar 'yan bindiga, mai zarto ba ya iya shiga. A 2022 taron ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ya sanya maɗaci da kawo na Afirka cikin jerin waɗanda sai da izini za a fitar da su ƙetare, kamar yadda aka yi wa madobiya tun 2016. Abin da wannan ke nufi a bakin ruwa shi ne kafinta yana karɓar katakon da ya samu: ɗanye wanda bai bushe ba, ko farin katako marar ƙwari, ko allo mai ɓargo a gefe. Tsofaffin masunta idan suna yabon jirgin da suka gada daga iyayensu, jirgin maɗaci tsantsa suke nufi. Wanda ake ƙerawa yau sau da yawa sunan kawai ya gada. Don haka mai cewa katako ya fi sauƙin kuɗi, sai a tambaye shi sau nawa zai sake saye a tsawon rayuwar jirgin faiba guda.

Sai batun mai. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Jirgi mai santsin jiki, marar nauyin ruwan da katako ke sha, ya fi sauƙin turawa, injin ba ya wahala. Ga mai zuwa su da nisa a cikin Kainji ko mai kai kifi kasuwa, bambancin yana taruwa.

To, ga abin da masu katako ke cewa, kuma a nan nake ganin an fi yi musu gaggawar hukunci.

Farko dai, ranar da jirgi ya fashe. Kowane jirgi zai fashe, domin ruwa mai kututture ba ya zaɓe. Idan na katako ne, a ja shi tudu, a kira kafintan garin, ya cire allon da ya tsage ya sa wani, ko ya buga ɗan gwangwani a kan tsagar ya shafe da kwalta. Da yawan masunta ma da kansu suke yi. Kafin la'asar jirgi ya koma ruwa. Idan na faiba ne, sai an nemo danƙon, da maganin da ke sa shi daskarewa, da tabarmar zaren gilashin, da wanda ya san gwargwadon haɗin. Kayan nan akasari daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, kuma ba a samun su a kasuwar ƙauye. Danƙon ba ya ajiyuwa, idan ya yi watanni a cikin zafi irin namu sai ya daskare a cikin gwangwaninsa. Wurin da za a liƙa dole a kankare shi, ya bushe ƙayau, in ba haka ba facin ya ɓare bayan mako guda. Jirgin da ba ya buƙatar gyara kowace shekara amma idan ya lalace sai an jira wata guda kafin mai gyara ya zo daga birni, daidai yake da sabuwar mota a garin da babu bakanike. Kuma lokacin da jirgi ya fi fashewa, wato sa'ad da ruwa ke ja baya kututture ke kusantar sama, shi ne lokacin da kifi ya fi kamuwa. Asarar wata guda a wannan lokaci tana iya cinye duk abin da aka tara na rashin sayen kwalta.

Na alminiyom ma haka yake ko ya fi. A Amurka masu su a fadamu da ƙananan koguna suna son sa ƙwarai, domin ba shi da nauyi kuma idan ya yi karo loɓawa yake yi. Amma mai waldan bakin titi da ke haɗa ƙofar ƙarfe ba zai iya liƙa shi ba, sai mai na'ura ta musamman da iskar gas ɗinta.

Na biyu, yadda ake biyan kuɗin. Jirgin faiba a dunƙule ake sayen sa, kuɗi hannu, a ƙara da kuɗin motar da za ta kawo shi daga inda aka ƙera, kuma farashin ya ninka na katako. Na katako kuwa a hankali ake tara shi. Mutum ya sayi alluna bayan kamun bana ya jingine su a inuwa su bushe, ya sayi ƙusa daga baya, ya ba kafinta kafin alƙalami, sauran ya biya bayan jirgi ya fara kawo kifi. Kafintan maƙwabcinsa ne, tare suke sallah, ya san ba zai gudu ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda banki bai san da zamansa ba. Hanyar da ta rage wa wanda ke son jirgi mai tsada ita ce ubangida, wato dillalin kifi da zai saya masa jirgi da koma bisa sharaɗin duk abin da ya kama shi zai sayar wa, a farashin da shi dillalin ya yanka. Akwai iyayen gida masu tsoron Allah, da yawa ma su ne ke riƙe masunci lokacin rashin lafiya ko ƙarancin kamu. Amma gwargwadon girman bashi, gwargwadon daɗewar mutum a ƙarƙashin wannan sharaɗi. Wanda ya mallaki ƙaramin kwalekwalen katako babu bashin kowa a kansa, yana iya kai kifinsa inda ya fi tsada, kuma a ganina ya fi mai babban jirgin faiba da rabinsa na dillali ne.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa, wato tsaro. Masuntan Tafkin Chadi sun ga yadda harin Baga na Janairun 2015 ya tarwatsa gari guda, aka gudu aka bar jirage da komai a bakin ruwa. A shekarar 2015 ɗin ce hukumomin Nijar suka hana kamun kifi da cinikinsa a yankin Diffa, haramcin ya ɗauki shekaru. Mutumin da ya ga haka da idonsa, idan ya ƙi zuba dukiyarsa kaf a jirgi guda, hankali ya yi amfani da shi.

Hujja ta uku ita ce ta fi ba ni mamaki da ba a cika kawo ta ba, alhali gardamar a kan ceton rai aka fara ta. Katako ya fi ruwa rashin nauyi. Ƙaramin kwalekwale idan ya cika da ruwa ko ya kife, yawanci yakan tsaya a saman ruwa, mutum ya riƙe shi har taimako ya zo. Faiba ya fi ruwa nauyi. Idan ba a sa masa soso ko rufaffun akwatunan iska a jikinsa ba, da zarar ya cika sai ya nutse gaba ɗaya. Jirgin faiba na kirki yana da waɗannan, amma su ne abin da mai ƙera na araha ke fara ragewa, domin mai saye ba ya ganin su. Rashin nauyin da ake yaba masa ma yana da nasa aibin: iska ta fi kaɗa shi, kuma masuncin da ke tsaye a goshin jirgi zai jefa birgi yana son abin da ke ƙarƙashinsa ya zauna daram.

An ga misalin illar faiba marar inganci a wata nahiyar. Bayan igiyar tsunami ta Disamban 2004, ƙungiyoyin agaji sun raba dubban jiragen faiba ga masuntan Sri Lanka da kudancin Indiya. An yi gaggawa, masu ƙira da ba su ƙware ba suka shigo harkar, aka samu jirage masu siririn jiki da ba su daɗe ba suka fara tsagewa, har Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi ta jan hankali a kan ingancinsu. Faiba bai gaza a can ba, yau shi ne jirgin yawancin ƙananan masuntan waɗannan gaɓoɓi. Abin da ya zaunar da shi shi ne masu gyara da kayan gyara sun yawaita a kusa da masunta.

Idan aka koma kan haɗurran da suka tayar da maganar, abubuwan da ake ta ambata bayan kowanne kusan iri ɗaya ne: lodi fiye da kima, tafiyar dare, karo da kututture, tsohon jirgin da aka ƙi gyarawa, da rashin rigar kariya. Dokokin NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, sun riga sun hana lodin wuce kima da tafiyar dare, sun kuma wajabta rigar. Jirgin faiba mai cin mutum 50 idan aka loda masa 150 shi ma kifewa zai yi. Duk da haka, a kan jiragen fito ina tare da masu son canji. Jirgin da ke ɗaukar rayukan mutane da yawa, waɗanda ba su da ta cewa a kan yadda aka kula da shi, ya kamata ya zama wanda ba ya darewa a bakin haɗi, mai akwatunan iska, mai adadin fasinja a rubuce a jikinsa. Mai fito yana karɓar kuɗi kullum, ƙungiyarsu na iya haɗa hannu, gwamnati na iya tallafawa. Kwalekwalen da uba da ɗansa ke shiga su duba gura a ruwa iya ƙugu wani abu ne daban, kuma kuskure ne a auna su da mudu ɗaya.

Ga masuncin ruwa marar zurfi, hukuncina a yau yana wajen katako, da sharaɗin ya samu na kirki. Idan mai gyaran faiba da kayansa suna cikin tafiyar yini guda daga inda yake, kuma zai iya biya ba tare da ya jinginar da kamunsa ba, to faiba ya fi, musamman ga mai inji da ke tafiya mai nisa. Idan babu ɗaya daga cikin biyun, ya tsaya a kan abin da garinsu ya iya gyarawa. Na san wannan hukunci ba mai daɗewa ba ne, domin maɗaci ba ƙaruwa yake yi ba.

Ko wanne mutum ya zaɓa, kada ya saya a cikin ruwa. A fito da jirgin tudu, a kife shi. Na katako, a bi gindinsa da bakin wuƙa, musamman wajen haɗin alluna da kewayen ƙusoshi. Inda wuƙa ta shige ba da ƙarfi ba, ruɓa ce. Sabuwar kwalta mai kauri a jikin tsohon jirgi abin tambaya ce, domin ta kan rufe abin da mai sayarwa ba ya son a gani. A mayar da shi ruwa ya kwana, da safe a ga abin da ya tara. Na faiba, a ƙwanƙwasa jikinsa ko'ina, inda sautin ya mutu to zaren ya rabu da juna a ciki. A taka cikinsa a ji ko yana lotsawa. A duba allon baya inda ake rataya inji da kyau, domin sau da yawa katako ne a ciki aka lulluɓe, kuma yana ruɓewa ba a gani. A tambayi inda akwatunan iskar suke, a gan su da ido.

Inji kuwa, ko Yamaha ne ko waninsa, sau da yawa ya fi jirgin kansa tsada, kuma ruwa marar zurfi ne babban maƙiyinsa. Yashi da laka suna cinye robar da ke zuƙo ruwan sanyaya shi, ciyawa ta naɗe farfela. Mai sayen na hannu ya tabbatar ruwa na fita ta ɗan bututun baya idan an tayar da shi, ya kuma kwance man giya ya gani: idan ya yi fari kamar madara, ruwa na shiga. Wanda wurin sunsa bai wuce tafiyar gora ba, babu abin da zai sa ya ɗora wa kansa wannan nauyi a farashin man yau.

Abin da ya rage a wuyan hukuma yake, kuma ba ya buƙatar sabuwar doka. Akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, akwai kwalejin koyon sana'ar kifi a can, akwai wata da aka kafa a Baga. Kafintocin jirgi na Yawuri da makamantansu sun riga sun san siffar da ruwansu ke so, tsawo da faɗi da yanayin gindi. Su ya kamata a fara koya wa aikin faiba, a ɗauki mazubi daga jikin kwalekwalen da suke ƙerawa maimakon a kawo samfurin jirgin teku, a kuma samar da wurin sayen danƙo da zare a manyan kasuwannin kifi. Hakan zai hana sana'arsu mutuwa, ya kuma sa mai gyara ya zauna a inda jirgi ke fashewa. A haɗa da ci gaba da cire kututturan da ke kan hanyoyin jirage a Kainji, da dashen maɗaci a garuruwan bakin ruwa, domin ko da faiba ya karɓu, za a ɗauki shekaru masu yawa ana buƙatar allon da za a gyara dubban jiragen katakon da ke kan ruwa yanzu.